Darasi na Tara: Ƙari a Jikin Tsohon Kare

A Damagaram, kare ma'aikaci ne. Yana gadin garka a Mirya, yana bin garke a dajin Tanut, yana kwana a ƙofar gida a Garin Malam ko Karkada. Addini ya yarda a riƙe kare don farauta, ko kiwo, ko tsaron gona. Wanda ya riƙe shi kuwa ya ɗauki nauyin cinsa da shansa da lafiyarsa.

Idan kare ya kai shekara 7 ko 8, ya fara tsufa. Furfura tana fito masa a baki, barci yana yawa, gudu yana raguwa. A wannan lokaci ne ƙari yakan fara fitowa a fatarsa ko a ƙarƙashinta. Mutane da yawa sukan ce tsufa ne kawai, su ƙyale. Wani lokaci haka ne. Wani lokaci kuma ciwo ne mai kisa, wanda da an gan shi yana ƙarami da an cire shi da kuɗi kaɗan.

Ba duk kumburi ne iri ɗaya ba

Wanda ya fi yawa a tsofaffin karnuka shi ne ƙarin kitse. Yana da taushi, yana motsi a ƙarƙashin yatsa idan an taɓa, ba ya yi wa kare zafi, kuma girmansa a hankali ne. Ya fi fitowa a ƙirji da ciki da haƙarƙari. Galibi ba ya cutarwa, sai in ya fito a hammata ko a cinya ya hana tafiya. Akwai kuma ƙananan tsiro masu kaushi da ke fitowa a ka da fuska da ƙafafu. Su ma yawancinsu ba su da haɗari, sai dai kare yakan sosa su har su yi jini.

Maruru daban ne. Yana tashi cikin kwana biyu ko uku, sau da yawa bayan faɗa da wani kare ko sukar ƙaya. Yana da zafi, yana da ciwo, a ciki akwai mugunya. Da damina kuma akwai ƙurjin tsutsa. Wani ƙuda ne yake yin ƙwai a rairayi mai inuwa inda aka yi fitsari, kare ya kwanta, tsutsar ta shiga fatarsa. Za ka ga ƙurji da ɗan rami a tsakiya. Idan aka toshe ramin da man bazalin, tsutsar takan leƙo neman iska, sai a zare ta gaba ɗaya, a wanke wurin. Kaskar da ta sha jini ta ƙoshi ma takan ruɗi mutum, don haka a buɗe gashin a duba da kyau ko tana da ƙafafu.

Sai kuma sankara, wadda ake kira ciwon daji. Nan ne ya kamata mu tsaya. Karyar da ta tsufa takan yi ƙari a nono, kuma kusan rabin irin wannan ƙari mugu ne, yana iya bazuwa har huhu. Karyar da aka cire wa mahaifa tun tana ƙarama ba kasafai take kamuwa da shi ba. Akwai wani ƙarin da ke fitowa a al'aurar kare ko karya, ja ne, yana ɗigar jini. Wajen barbara ake ɗaukarsa, shi ya sa ya yawaita a karnukan da ke yawo a gari. Wannan yana warkewa da wata allura da likitan dabbobi yake yi a jijiya sau ɗaya a mako, na makonni kaɗan.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, hannu ba ya bambanta mai kyau da mugu. Akwai sankarar fata mai taushi wadda ko likita ba zai rantse a kanta da taɓawa kawai ba, sai ya tsotso ɗan abin da ke ciki da allura an duba a madubin likita.

Ga inda karatunka zai yi amfani

Sau ɗaya a wata, ka shafa karenka daga kai zuwa wutsiya, har da hammata da ciki da tsakanin yatsu. Idan ka ji ƙari, ɗauki ƴar takarda ka ɗora a kai, ka zagaye shi da fensir. Rubuta ranar a gefe. Rubuta wurin da yake: wuya, ƙirji, nono, ƙafar dama. Bayan mako biyu ka sake yi a wata takardar, ka haɗa su ka gani. Ido yakan saba da abin da yake gani kullum, ƙari ya ninka girma mai gida bai lura ba. Takardar ce za ta nuna maka.

Ƙarin da ya kai girman ƙwayar wake, ya kuma yi wata guda bai tafi ba, a nuna wa likita. Amma kada a jira wata idan yana girma da sauri, ko ya yi tauri ya manne da nama, ko ya fashe yana wari, ko yana nono ko baki ko al'aura. Haka ma idan kare ya daina cin abinci, yana ramewa, yana tari.

Kada a ɗaure ƙari da zare don ya faɗi. Kada a yi masa sakiya ko lalas, kada a yanka da aska, kada a shafa baƙin mai. Saiwar tana nan a ciki, gyambo ne kawai za a ƙara masa, ƙuda su bi. Kada kuma a ba kare maganin ciwon jiki na mutane irin wanda ake sayarwa a tire. Ibuprofen da diclofenac suna huda cikin kare su lalata ƙoda. Paracetamol ma, in ya yi yawa, yana ɓata hanta. Kare mai ciwo yana iya cizon ubangidansa, saboda haka a sa masa takunkumi da tsumma mai taushi kafin a taɓa wurin, kuma kada a bar yara su yi wannan aiki. Duk wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi likita a ranar, saboda ciwon haukan kare.

Mu karanta tare

Wani dattijo mai gadin garka ya kai karyarsa wurin likitan dabbobi.

"Sannu da zuwa, Baba. Me ya same ta?"

"Ƙari ne a nono, Likita. Ga takarda. Wannan na farkon wata ne, wannan na jiya."

"Madalla, Baba. Ya ƙaru, amma har yanzu ƙarami ne, bai fashe ba. Shawarata a cire shi."

"To, ɗana, ni ba mai hali ba ne. Ka faɗa mini kuɗin duka tun yanzu, da na allurar barci, da na magani. In ban yi ba kuma, me zai faru?"

"Zai girma, aikin ya ƙaru, kuɗin ma su ƙaru. Bari in rubuta maka komai, Baba."

"Zan iya ba da rabi yau, sauran ranar Alhamis in na sayar da albasa?"

"Babu damuwa. Allah ya ba ta lafiya."

Zancen kuɗi

Babu kunya a tambayoyin da dattijon nan ya yi. Na san gidan da ake lissafin tiyar hatsi ba zai sa kare a gaban yara ba, kuma ba wanda ya ce a yi haka. Amma dubawa kawai ba ta kai tsadar aiki ba, kuma sau da yawa likita zai ce kitse ne, a bar shi, a ci gaba da awo. Ƙaramin ƙari yanka ɗaya ne da ɗinki kaɗan. Babba yana son dogon barci, da zare mai yawa, da magani na kwanaki, da kuɗin mota ana kai da kawowa.

Wanda yake cikin gari ya fara da ofishin ma'aikatar kiwo. Wanda yake ƙauye, a Magarya ko Matamai ko Gure, ya nemi mataimakin likitan dabbobi na yankinsa, wanda yake zuwa rigakafin awaki da shanu. Yawancin aikinsu na dabbobin kiwo ne, amma sun san wanda yake iya yi wa kare aiki. In akwai waya mai hoto, a ɗauki ƙarin da kwabo a gefensa don a gane girmansa, a aika kafin a biya kuɗin mota. Idan karen yana gadin layi ne ko garkar mutane da yawa, duk wanda yake barci da sanyin haushinsa ya kamata ya kawo nasa. Masu adashi kuma, da mata masu asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, sun riga sun san yadda ake tara kaɗan kaɗan.

Wani lokaci likita zai ce ciwon ya wuce aiki. To, sai a nemi maganin rage zafi daga hannunsa, a wanke gyambon da ruwan gishiri mai ɗumi, a kare shi daga ƙuda, a ba kare inuwa da ruwa da abinci mai taushi. Idan wahalar ta kai ba ya ci, ba ya tashi, likita yana da allurar da za ta hutar da shi ba tare da azaba ba. Kada a kore shi daji, kada a bar yara su jefe shi. Shekarunsa duka a ƙofarka ya yi su.

Aikin gida

Dala ɗaya tamma 5 ce. Jika ɗaya tamma 1000 ce, wato dala 200. Wata mata tana ajiye dala 20 duk ranar Alhamis don lafiyar dabbobin gidanta. Tamma nawa ke nan a mako? A mako nawa za ta tara jika ɗaya? Idan maƙwabta 4 suka yi haka tare, jika nawa za su tara a mako 20?

Bayan haka, rubuta waɗannan kalmomi sau uku uku: kare, karya, ƙari, ƙurji, kaska. Lura da bambancin k da ƙ. Wanda yake da kare a gida ya shafa shi yau, ya zo mana da takardar awonsa a darasi na gaba.