Sabbin zuwa Bronx, don Allah ku riƙa fitar da yara fak

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman mata da suka iso Bronx ta birnin New York kwanan nan da ƙananan yara. Shekarata ta farko a nan kulle yarana na yi a ɗaki hawa na biyar, daga talabijin sai waya, tsoro nake ji kar wani abu ya same su, har ƙaramin ya fara ƙiba ga rigima da daddare ba ya barci. Maƙwabciyata 'yar Dominika ce ta ja ni waje, ita ba Turanci sosai ni ba Sifaniyanci, da hannu kawai ta yi min nuni wai mu tafi.

Mutanen nan Latino, wato 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka, sun fi rabin jama'ar Bronx, kuma wallahi fak ɗin unguwa, wato filin shaƙatawa, shi ne tsakar gidansu. Ku je Crotona Park ko Claremont ko St. Mary's ranar Lahadi da yamma ku gani, kaka na kan kujerar da ta taho da ita daga gida tana sa ido, maza sun kafa teburin domino suna buga shi da ƙarfi kamar 'yan dara, kiɗan bachata na tashi, yaro ɗan shekara huɗu an ba shi sandar besbol da ta kusa tsawonsa, ga mai kura yana kankare ƙanƙara yana zuba mata zaƙi, piragua suke ce mata. Ba mai fitowa shi kaɗai, gida guda ake kwasowa, shi ya sa yaran suke gudu awa uku ba wanda ya ce musu ku motsa jiki. Ni dandalinmu na da ya tuna min.

To ga abin da ba wanda ya gaya min. Wuraren iyo na gwamnati da ke fili kyauta ne, daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Satumba, 11 na safe zuwa 7 na yamma, ana rufewa daga 3 zuwa 4 a yi shara. Amma sai kin zo da kwaɗonki na kulle loka, ni an taɓa mayar da ni daga bakin ƙofa da yara biyu suna kuka saboda kwaɗo kawai, bayan mun sha layi cikin rana. Waya da abinci ba sa shiga bakin ruwa, riga kuma in za a ɗora kan kayan wanka sai fara. Wurin iyo na Crotona tun 1936 aka gina shi, ƙato ne. Lokacin hutun zafi kuma ana raba wa yara abincin rana kyauta a wuraren iyo da wasu fak, ba a tambayar takarda.

Wajen lilo na yara, doka ce babba ba ya shiga sai yana tare da yaro, maigida kar ya je ya zauna can shi kaɗai wai shan iska, tikitin tara za a iya ba shi. Sigari ma an hana a fak tun 2011. In walimar suna ko bazdai za ku yi kuma kun haura mutum 20, ku nemi famit da wuri, gashin nama kuma akwai inda aka ware.

Maganar abinci, mutanen Latino suna da kyauta sosai, za su miƙo wa yaronki faranti da zuciya ɗaya, ki tambaya tukuna don pernil da chicharrón alade ne. Kalmar puerco ko cerdo, wato alade da Sifaniyanci, ki haddace su, ki ce no puerco da murmushi, ba sa jin haushi.

Da hunturu kuma kar a koma kulle, cibiyoyin wasanni na hukumar fak suna nan cikin gini da ɗumi, rajistar yara 'yan ƙasa da 18 kyauta ce. In zafi ya dawo ku hau jirgin ƙasa lamba 6 har ƙarshensa Pelham Bay, daga nan bas zuwa Orchard Beach, ku tafi da tabarma da kular shinkafa.