Babi na Shida: Kula da Boris na Ƙafar Tirela

Wannan babi na ƙaramar tirela ne, wadda ake maƙalawa a bayan mota a ja ta, ko mai ɗaukar janareto ce, ko tankin ruwa, ko mai ɗakin kwana irin ta matafiya. Manyan tirelolin da kuke gani a layi a Apapa suna da nasu awon dabam, kada a yi musu aiki da abin da ke nan.

Darasi na ɗaya: Mene ne boris

Ku dubi tsakiyar taya. Akwai wata hular ƙarfe. A bayanta akwai noti, a bayan noti akwai washa, a bayan washa kuma boris yake. Zobe ne mai ƙananan ƙarafa jere a ciki, su ne ke gangarawa taya ta juya ba tare da ƙarfe ya ci ƙarfe ba. Kowace ƙafa boris biyu gare ta: galibi ƙarami a waje, babba a ciki. Abincinsu giris. Idan giris ya bushe, ko ruwa ya shige shi, boris zai yi zafi, ya yi ƙara, daga ƙarshe ya ƙone, har taya ta iya ficewa ana cikin tafiya.

Masu ƙera irin wannan ƙafa suna cewa a sake giris duk wata 12, ko duk mil 12,000, wato kusan kilomita 19,000, wanda duk ya riga zuwa. Amma mu a Legas muke. Duk wanda ya bi Agege ko Mile 12 a watan Yuni da Yuli ya san yadda ruwa ke kwanciya a titi. Ƙafa ta yi zafi da tafiya, ta faɗa cikin ruwa mai sanyi, sai ta zuƙi ruwan ta bayan sil, wato zoben robar da ke toshe bayan boris don kada giris ya fita. Saboda haka idan tirelarka ta sha ruwa da damina, buɗe ta ka duba, kada ka jira shekara.

Darasi na biyu: Kwancewa da wankewa

Tsaya a wuri mai tauri, ba yashi ba. Sa waigi a gaba da bayan ɗaya tayar. Sassauta notocin taya tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga da jak, ka tokare da abin tokara na ƙarfe, ka cire tayar. Jak kaɗai ba abin dogara ba ne, 'yan'uwa, ku riƙe wannan.

Shimfiɗa tsumma mai tsabta. Duk abin da ka cire, ajiye shi a jere daga hagu zuwa dama, yadda muke rubuta boko a allo. Hula da farko, sai fin ɗin da ya ratsa noti, sai noti, sai washa, sai ƙaramin boris. Janyo hob ɗin, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa, gaba ɗaya, ka kife shi, ka ɓanɓare sil, babban boris ya fito. In ka zo mayarwa, daga dama za ka faro.

Wanke su da kananzir, ka bar su su bushe sarai. Ɗaga boris ga haske. In ka ga ya yi shuɗi-shuɗi, zafi ya ci shi. In ka ga ramuka ko tsatsa, ya gama aiki. Ana canza shi tare da zoben da yake zama a kai a cikin hob, ba a sa sabo a kan tsohon zobe.

A gefen boris akwai lamba. Misali: L44649. Harafin L ne da farko, sai huɗu, huɗu, shida, huɗu, tara. Kwafe taka a takarda, ka sake dubawa, don shida da tara suna rikita mai koyo idan boris yana kife a hannu. Tafi da takardar da tsohon boris ɗin kasuwar Ladipo a Mushin, ka gwada lamba da lamba kafin ka biya. Sayo sabon sil da sabon fin. Kada kunya ta hana ka tsayawa ka karanta a gaban mai shago, kuɗinka ne.

Darasi na uku: Giris da ɗaurin noti

Ɗebi giris a tafin hannun hagu. Riƙe boris da dama, faɗin bakinsa a ƙasa, ka riƙa danna gefensa cikin giris ɗin har ka ga ya ɓullo ta sama tsakanin ƙarafan. Juya kaɗan, ka sake, har ka zagaye. Shafa a bayansa kawai bai wadatar ba, sai ya ɓullo. Kuma iri ɗaya za ka yi amfani da shi, kada ka gauraya giris biyu. Sa babban boris, buga sabon sil a hankali ya zauna daidai, mayar da hob, sa ƙaramin boris, sa washa, sa noti.

To, nan ne wurin. A nan kusan kowa ke faɗuwa, don haka ku karanta a hankali, ko sau uku ne.

Wannan noti ba a barinsa ɗaure tam. Ana ɗaure shi da sifana, ta wajen da hannun agogo ke bi, kana juya hob da ɗaya hannun, don boris ya zauna a mazauninsa. Sannan ka daina juya hob, ka kwance notin ya saki. Sannan ka mayar da shi da yatsunka kawai, ba sifana. Inda yatsu suka tsaya, dawo da shi baya kaɗan har tsagar noti ta haɗu da ramin da fin ke shiga. Sa fin, ka lanƙwasa ƙafafunsa.

Mu maimaita. Ɗaure da sifana kana juyawa. Kwance. Mayar da yatsu. Dawo baya zuwa rami. Sa fin.

Na san abin da ke ranku. Hannunku ya saba da notin taya, wanda ake hawa kan sifana a taka. Wani dattijo a ajinmu, wanda ya yi shekaru yana tuƙi tsakanin Kano da Legas, ya ce mini: "Malam, zuciyata ba ta yarda in bar noti sakwa-sakwa ba." Na ce masa: "Baba, fin ne ke riƙe shi, ba ƙarfin hannu ba." Ƙarfe in ya yi zafi kumbura yake yi. In ka matse boris tun yana sanyi, in ya kumbura ba shi da wurin zuwa, sai ya matse giris ya fitar, ya ci kansa. Baba ya gwada sau huɗu kafin hannunsa ya yarda, kuma ya iya. Kai ma za ka iya.

Idan tsaga ba ta haɗu da rami ba, baya ake komawa, ba gaba ba. Baya. Kada ka ce saura kaɗan bari in ƙara matsawa. Wannan "kaɗan" ɗin ne ke ƙona boris a hanyar Ibadan da tsakar dare.

Makon jiya mutum bakwai suka yi gwaji a gabana, biyar suka sake ɗaukar sifana a ƙarshe bayan na faɗa, na rubuta a allo, na kuma faɗa. Haba, jama'a! Ku magidanta ne, wasu da jikoki. Ba na so in ji an ce ɗaya daga cikinku taya ta fice masa da kaya da mutane a baya. Sifana a farko take, yatsu ne a ƙarshe. Wanda ya ga hannunsa na kai wa sifana bayan ya kwance, ya ajiye ta nesa da shi, ko ya ba yaronsa ya riƙe.

Ku faɗa da baki: ɗaure, kwance, yatsu, baya, fin.

Darasi na huɗu: Gwaji

Mayar da hula da taya. Tun tana sama, juya ta, ta tafi sumul ba gurnani. Kama ta sama da ƙasa ka girgiza. Motsin da da ƙyar ake jinsa daidai ne. In tana ƙwas-ƙwas, noti ya yi sako da yawa, in ta ƙi juyawa ka matse shi, koma darasi na uku. Sauke ta, ɗaure notocin taya sosai. Bayan 'yar tafiya tsaya ka kai bayan hannu kusa da hob. Ɗumi ba laifi. In ba ya taɓuwa, kada ka ci gaba.

Darasi na biyar: Rubuta rana

Rubuta ranar da ka sa giris a littafinka, da lambar boris ɗin.

Aikin gida: rubuta kalmomi biyar na ɗaurin noti a jere, sau goma. A zo da littafi ranar Asabar.