Yadda Ake Shirya Riɗi Don Kasuwar Ƙasashen Waje

Riɗin da ake nomawa a Jigawa da Binuwai yakan ƙare a masana'antun Japan, Sin da Turkiyya, don haka sharuɗɗansu ake bi tun daga gona.

A yanke riɗi da zarar ganye ya fara rawaya, kafin kwanson ya tsage. A ɗaure shi dami-dami, a jingine a tsaye ya bushe, sannan a kakkaɓe a kan tampol. Kada a taɓa shanya shi a ƙasa. Yashi da tsakuwa na rage masa daraja, kashin kaji da na tsuntsaye kuwa na sa masa ƙwayar cutar salmonella, wadda kan sa a dawo da kwantena guda daga Turai.

Danshi kada ya wuce kashi 6 cikin ɗari. In ya wuce, riɗin zai yi funfuna a cikin jirgin ruwa. A sheƙe, a tankaɗe, a zuba a sababbin buhuna masu kilo 50, a jera su kan katako nesa da bango. Buhun da ya taɓa ɗaukar taki ko maganin ƙwari bai dace ba, domin masu saye a Japan na gwada ragowar magani sosai.

Sai takardu: rajista da NEPC (hukumar bunƙasa fitar da kayayyaki zuwa ƙasashen waje), cike fom ɗin NXP (fom ɗin fitar da kaya waje) ta banki, da shaidar lafiyar tsirrai daga NAQS (hukumar duba lafiyar kayan gona da ake shiga ko fita da su). Da yake da dala ake ciniki, a duba canjin ranar kafin a yanke farashi da dillali a kasuwar Dawanau ta Kano.