Darasi na 7: Ciwon kan da ke lafawa idan an kwanta

Ba kowane ciwon kai ba ne na zazzaɓin cizon sauro ko hawan jini. Akwai wani da ake gane shi da alama guda: in mutum ya tashi zaune ko tsaye, sai kai ya sara, in ya kwanta, ba a jima ba ya ji sauƙi.

Ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya suna cikin wani ruwa garai-garai, kimanin mililita 150 a jikin babba. Kullum jiki na samar da kusan mililita 500, wato leda ɗaya ta fiya-wata, yana sabunta shi. Ruwan nan ne ke tallafe ƙwaƙwalwa. In fatar da ke riƙe da shi ta huje, sai ya riƙa yoyo. Da mutum ya miƙe, ƙwaƙwalwa ta ɗan zame ƙasa, ta ja jijiyoyi.

An fi ganinsa bayan allurar kashe zafi a gadon baya, irin wadda ake yi wa mai haihuwa ta tiyata, ko bayan ɗibar ruwan baya don gwajin sanƙarau. Yakan fara cikin kwana 5. Wani lokaci kuma haka kawai yake zuwa. Tare da shi akan ji tashin zuciya, ƙara a kunne, riƙewar wuya, ko a riƙa ganin abu bibbiyu.

Bayaninku shi ne gwajin farko, don haka kada ku tsaya a "kaina ke ciwo". Ku faɗa wa likita ranar da ya fara, da yadda yake in kun kwanta, da ko an yi muku allura a baya. Mai jego ta daure ta faɗa, wannan ba raki ba ne. In da buƙata, za a yi hoton MRI, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki, na kai da na baya.

Wanda ya biyo bayan allura galibi yakan warke cikin mako 2 da kwanciya, shan ruwa, farasitamol da shan kofi. In ya ƙi, likita kan ɗebi jinin mai ciwon ya zuba kusa da hujin don ya toshe.

Amma in an ga zazzaɓi, jijjiga, ruɗewa, ko ruwa na ɗiga ta hanci ko kunne bayan buguwa a ka, a tafi asibiti nan take, ko da dare ne.

Aiki: Rubuta jimla 3 da za ka faɗa wa likita game da ciwon kanka.