Abin Da Ya Kamata Ka Yi Idan Ka Ci Karo Da Namun Daji A Cikin Birnin Kano

Mai tafiya a ƙasa cikin birnin Kano ba kasafai yake sa ran ganin abin da ya wuce ƙadangare da hankaka ba, amma wanda ya saba bin gindin ganuwa da yamma, ko hawa Dala da Goron Dutse, ko ratsa bakin kududdufi da damina, ya san akwai halittun da ke zaune tare da mu ba mu lura ba. Matakin farko, ko wace dabba ce, shi ne ka dakata, ka ja da baya sannu a hankali, ka bar mata hanyar gudu, domin yawancin sara da cizo suna aukuwa ne idan an taka dabba, ko an rutsa da ita, ko an sunkuya neman dutsen jifa.

Maciji ne ya fi cancantar dogon bayani. Kububuwa ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, kuma ta fi fitowa bayan faɗuwar rana, musamman a farkon damina. Dafinta yana hana jini daskarewa, shi ya sa wanda ta sara zai iya zaton ya tsira, sai daga baya jini ya fara fita daga dasashinsa. Gamsheƙa kuwa tana fasa kai ta tofa dafi daga nisan da ya kai mita 2, kuma ido take nufa. Idan ta same ka, ka wanke idon nan take da ruwa mai yawa, kada ka murza shi. Wanda aka sara a zaunar da shi, a cire masa zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, a hana gaɓar motsi, sannan a garzaya da shi babban asibiti irin Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kada a ɗaure da igiya ko roba, kada a tsaga, kada a tsotsa, kuma kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin don a nuna wa likita. A ganina jinkirin da ake yi ana gwada jiƙe-jiƙe a gida ya fi komai haɗari.

Guza da damo, duk da girmansu yana razana mutane, gudu suke yi da zarar sun ji motsi, sai dai idan yara sun kewaye su, a nan ne suke bulala da wutsiya ko su kai cizo. Bushiya dunƙulewa kawai take yi, sai ka wuce abinka. Shirwa ba ruwanta da kai, naman hannunka take hange, saboda haka ka rufe shi da kyau idan ka taso daga wajen mahauta.

Jemagen da ya faɗo ƙasa da rana galibi ba shi da lafiya ko ya ji rauni, don haka kada ka taɓa shi da hannu, kuma ka hana yara wasa da shi. Idan ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, domin jemage yana iya ɗaukar cuta dangin ta haukan kare.

Ƙudan zuma sukan yi gida a kogon kuka ko rimi ko tsagar tsohon gini. Idan suka taso, ka rufe fuskarka da riga ko mayafi, ka gudu zuwa cikin ɗaki ko mota ba tare da kaɗa hannu ba, sannan ka kankare ƙarin da ya maƙale a fata da farce. Wanda numfashinsa ya fara sarƙewa ko fuskarsa ta kumbura bayan harbi, a kai shi asibiti ba tare da jiran komai ba.