Kurakuran da aka fi yi wajen gyara cikin jita kafin a rufe akwatinta

Kafintocinmu da ke aiki a Jidda, Makka da Riyad sun saba da ƙofa da kabad, inda ake shafe katako ciki da waje. Idan aka kawo musu jita, ko suka ce bari su haɗa tasu, hannu yakan tafi kan gwangwanin banish. Nan ne ɓarnar take farawa. Leƙa cikin jitar Martin ko Yamaha da fitila: katako ne tsirara, an goge shi sumul, ba a shafa masa komai ba.

Dalili shi ne fuskar jita allo ne mai kaurin milimita 2.5 zuwa 3 kacal, kuma girgizarsa ce ke ba da sauti. Banish mai kauri yana ƙara masa nauyi, amon ya dushe. Mai ya fi muni, ko na shafa katako ko na fesawa mai silikon, domin yana nutsewa cikin allon, ba ya fita. Ranar da fuskar ta tsage aka zo liƙa ɗan faci ta ciki, gam ba zai kama ba. Idan an riga an shafa banish kuma akwatin a buɗe yake, a kankare shi da reza, a bi da sanfefa. Idan mai ne, sau da yawa sai dai a sake allon.

Wanda ya dage sai ya shafa wani abu, to ya tsaya kan jamalakka (shellac, ƙaron da ake narkarwa a sibirto a shafa wa katako), ita ma tsararo: giram 12 na ɓawonta a mililita 100 na sibirto mai ƙarfin kashi 95 ko fiye. Sibirton kantin magani mai kashi 70 ruwa ya yi masa yawa, zai tayar da gashin katako ya bar fari-fari. Shafa ɗaya da ƙyalle ta isa. Jamalakkar da aka jiƙa ta wuce wata shida, musamman a zafin Hijaz, takan ƙi bushewa, don haka a ɗiga ta kan gilashi tukuna a ga ko ta ƙafe.

Kuskure mafi tsada shi ne shafawa kafin a gama liƙi. Sai an manna sandunan da ke tokare fuska, da ɗan allon da ke ƙarƙashin jaki (katakon da ke riƙe tsirkiyoyi a kan fuska), sannan a taɓa jamalakka. A rufe bakin allon duka da tef, wajen milimita 10 daga gefe, inda zai haɗu da jikin akwati. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan kusan kilo 70. Sandar da aka liƙa a kan shafi za ta saki, a ji kurman sauti ko zuzzz idan an kaɗa, fuskar ta kumbura a bayan jaki.

Gam ɗin da ya ɓullo a gefen sanduna ma ana kuskure da shi. Goge shi da jiƙaƙƙen tsumma yana tura shi cikin katako, yana kuma jiƙa siririn allo ya lanƙwashe. A bar shi minti 15 zuwa 20 ya yi kamar danko, a ɗauke shi da bakin cizal.

Wajen guga, sanfefa mai lamba 150 sannan 220, a bi tsawon zaren katako. Amma a yi hattara da sanduna. Ƙarfin sanda yana raguwa da sauri fiye da tsayinta daga kan allo zuwa sama: rage kashi 10 cikin ɗari na wannan tsayi yana cinye fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na ƙarfinta. Masu son su ga komai ya yi santsi sukan ci sandar ba su sani ba. A kashe kaifin gefe kawai.

Da yawa suna shafe ciki ne don suna zaton hakan zai hana tsagewa. Ba ya hanawa; shafi yana rage saurin shiga da fitar danshi ne kurum. Abin da ke tsaga jita a Saudiyya shi ne bambancin iska. Jidda na bakin Bahar Maliya, danshinta kan haura kashi 60, Riyad kuwa da rani yakan sauko ƙasa da kashi 15. Allon da aka liƙa wa sanduna yana kumbure da laimar Jidda, idan ya isa Riyad ko ya kwana ƙarƙashin mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki), zai tsuke, sandunan su riƙe shi, ya tsage. Maganin yana wurin liƙi: a sayi ma'aunin danshi, a ajiye katakon mako biyu a ɗakin da ke tsakanin kashi 40 da 50, a yi liƙin a nan, a rufe akwatin a nan. Mai jitar kuma ya riƙa ajiye ta cikin jakarta da ɗan soso mai laima a cikin roba mai huji, ba tare da ruwa ya taɓa katako ba.

Jitar da aka riga aka rufe kuwa, kada a fesa mata komai ta ramin sauti. Idan ƙura ce ta taru, a sassauta tsirkiyoyi, a zuba rabin kofin busasshiyar shinkafa, a girgiza a hankali, a juye. Sannan a sa ƙaramin madubi da fitila a duba ko akwai sandar da ta ɗaga.