Yadda Marubuci Zai Gina Ƙasar da Babu Ita a Taswira

Marubutan ƙagaggun labarai da yawa kan fara da sunan ƙasa da tuta da kirarin sarki, su bar ƙasar kanta sai daga baya. Shi ya sa za ka ga jarumi ya yi kwana biyu daga fada zuwa bakin iyaka a babi na uku, sannan ya yi wata guda a wannan hanya a babi na tara. Ƙasar da mai karatu zai yarda da ita, daga ruwa ake soma gina ta. Ruwa ke nuna inda za a yi noma, noma ke nuna yawan jama'a, jama'a kuwa su ke cika baitulmali.

Samu farar takarda da fensir da rula. Ka tsayar da ma'auni tun kafin ka ja layi, a ce santimita 1 na nufin kilomita 20. Zane mai santimita 20 a tsawo da 15 a faɗi zai ba ka ƙasa mai murabba'in kilomita 120,000, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na Nijar, wadda take da 1,267,000. Wannan ya ishi labari. A gefen takardar ka rubuta tafiyar yini: mai ƙafa kilomita 25 zuwa 30, ayarin jakuna da kaya bai cika wuce 25 ba, raƙuma 30 zuwa 40. Duk tafiyar da ke cikin littafin da wannan za ka auna ta.

Tuddai ake fara sawa, sannan koguna. A nan aka fi yin kuskure. Kogi daga tudu yake gangarowa, kuma ƙananan koguna haɗuwa suke yi su zama babba, kamar yadda Binuwai ke shiga Kwara a Lokoja. Ba ya rabuwa gida-gida sai a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai fadama, ko dab da teku. Kada ka ja kogi daga wannan teku zuwa wancan. Amma ba dole ne ya miƙe ba: Kwara ta taso daga tuddan Gini, ba nisa da tekun Atlantika, ta juya wa tekun baya, ta nufi wajen Tumbuktu, sannan ta karkato kudu, tafiyar kilomita fiye da 4,000. Ba kuma dole ne ya kai teku ba, domin kogin Haɗeja da na Jama'are suna haɗuwa su bi ta Yobe zuwa Tafkin Cadi.

Daga nan sai damina. Zaɓi gefen da iskar ruwa ke fitowa, ka raba ƙasar zuwa ɗamara uku ko huɗu, wato yankuna bisa yawan ruwan sama. Inda ruwan shekara ya gaza milimita 300, kiwo ne ba noma ba. A 1961 Nijar ta kafa doka da ta shata iyakar noma ta arewa, abin da ke bayanta na makiyaya ne. Daga 300 zuwa 600 gero da wake, gaba da haka dawa da gyaɗa da auduga, doya kuwa sai ruwa ya haura 1,000. Bayan dogon dutse, gefen da iska ba ta bugawa, ya fi bushewa. Hawa mita 1,000 na rage zafi da kusan digiri 6, dalilin da ya sa dankalin Turawa ke yi a tudun Jos. Kada ka manta da ƙudan tsando. A kurmi mai laima yana sa wa dabbobi sammore, saboda haka sarkin da ƙarfinsa doki ne ba zai mallaki kurmin kudu cikin sauƙi ba. Ga iyaka ta samu ba tare da ka ƙirƙiro yaƙi ba.

Lissafin ciki shi ne wanda kusan kowa ke tsallakewa. Ɗauka mutum ɗaya na cin buhu 2 na hatsi a shekara, mai kilo 100 kowanne. Gida mai mutum 8 na buƙatar buhu 16. Gonar gero da ba ta samun taki sosai kan ba da wajen buhu 5 a hekta, ke nan sai gidan ya noma sama da hekta 3 kafin ya ci da kansa. Birni mai mutum 50,000 zai ci buhu 100,000 a shekara. In rarar kowane gida buhu 2 ce, ana buƙatar gidajen manoma 50,000 su ciyar da birnin nan guda. To ka duba taswirarka, ina suke? In babu su, ko ka rage birnin, ko ka sa shi a bakin kogin da kwale-kwale ke kawo hatsi, ko ka ba shi fadamar noman rani. Haka sojoji: in ka wuce soja 1 cikin mutum 100, ka bayyana wanda ke noma a madadinsu, ka kuma tuna cewa da rani aka fi fita yaƙi.

Mulki tambaya uku ce. Wa ke naɗa shugaba, wa zai iya tuɓe shi, wa ke karɓar haraji? A Kano, Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta su ne masu zaɓen sarki bisa al'ada, kuma su kansu ba sa hawa gadon. Irin wannan tsari na haifar da rigimar da labari ke so, domin kowane ɗan sarki dole ya nemi mutanen da ba zai iya umarta ba. In jamhuriya kake ginawa, tsayar da wa'adi, da yawan jihohi, da yadda ake raba kuɗi tsakaninsu da tsakiya. Kada masu iko su wuce biyar da mai karatu zai riƙe sunansu. Babban birni ma yana da dalili. Nijeriya ta mayar da nata daga Legas zuwa Abuja a 1991, zuwa tsakiyar ƙasa.

A tattalin arziki, ba ƙasar abu biyu da take sayarwa da abu ɗaya da ba ta da shi sam. Rashin nan shi ke motsa fatake da jakadu. Gishirin Bilma da goron Gwanja sun ratsa ƙasar Hausa ne don wani na da, wani ba shi da. Rubuta hanyoyin shigar kuɗi: kuɗin ƙasa, jangali, kuɗin fito, kuɗin rumfar kasuwa. In ƙasar Musulunci ce, zakkar hatsi ɗaya cikin goma ce a noman damina, ɗaya cikin ashirin a wanda aka sha wahalar ban ruwa, kuma tana da waɗanda aka keɓe mata, ba kuɗin fada ba ce. Kuɗin kansa na da nauyi. Keso guda wuri 20,000 ne, kaya sosai, don haka ɓarawon labarinka ba zai sa dukiyar attajiri a aljihu ya haura katanga ba.

Ƙasar da ba ta da teku tana rayuwa ne da tashar maƙwabciya, kamar yadda kayan Nijar suka daɗe suna bi ta Kwatano, har rufe iyaka a 2023 ya nuna tsadar dogaron nan. Ƙasa mai ma'adini guda kuwa, kasafinta na hawa da sauka da farashin da wasu ke yankewa. Ka tsayar tun farko yankin da arzikin ke fitowa da yankin da ke kashe shi.

Suna sai a ƙarshe. Zaɓi ƙarshen kalma biyu ko uku ga kowane yanki, don garuruwan kabila ɗaya su yi kama da juna a kunne. Ka bincika kowane suna a intanet kada ya zo daidai da wani gari na gaske, sannan ka kwafe taswirar da jadawalin tafiya a shafin farko na littafin da kake rubutu a ciki.